'Yar Butar Saje Mantau

Ku samarin da kuke zuwa garkata kuna cewa in koya muku aikin dashe kafin sallah, ina jin ku. A ganinku aikin bai wuce a cusa ƙasa a leda, a soka iri, a watsa ruwa safe da yamma, a koma gindin bishiya ana jiran mai mota ya tsaya ya saya ba. Ban ga laifinku ba, haka abin yake in daga bakin titi aka hango shi. Amma tunda da ƙafarku kuka zo, ku gyara zama in gaya muku yadda aka koya mini, da shukar da aka koya mini a kanta, wadda na tabbata babu ɗayanku da ya taɓa ganin irinta.

Aikin farko da aka ba ni wankin yashi ne. A Jibiya ne, cikin shekarun alif ɗari tara da hamsin, Turawa ba su tafi ba tukuna, iyakar ma ba ta wuce wata 'yar rumfar kwano da sandar da ake gittawa a hanyar Maraɗi ba. Ina da aure a lokacin har da 'ya guda, gonar gidanmu ta Magama ta yi mana kaɗan, sai kawuna ya kai ni wurin Saje Mantau, mai garka a bakin gulbi. Tsohon soja ne, ya yi yaƙin Bama, ya dawo da ɗingishi da ƙarancin magana. Ya dube ni sama da ƙasa, ya nuna mini tulin yashi da kwatanniya, ya ce in yi ta wankewa har sai an iya hango allura a ƙasan ruwan da ke fita. Na ɗauka haƙurina yake gwadawa, irin yadda masu sana'a suke yi wa sabon shiga. Na wuni a tsugune. Da la'asar ya zo ya ɗebi yashin ya ɗora a harshe, ya tofar, ya ce gobe in sake.

Aikin da yake ciyar da mu daban ne. Muna jan ruwa da jigo muna kora shi cikin fangali, muna noman albasa da tumatir, da latas da kabeji saboda mutanen bariki. A gefe guda kuma ga dashen mangwaro da lemun tsami da bedi, wanda Kanawa suke ce wa darbejiya. Kayan aikinmu ba su da yawa: kwasa, dagi, wata 'yar wuƙa mai lanƙwasa da Saje ba ya ara wa kowa, da ƙoƙuna masu huji na yayyafi. Masu sayenmu kuwa kowa da halinsa. Kukun bariki sai ya matsa kowane kan latas kafin ya ɗauki ɗaya. Ma'aikatan duwan, wato kwastan, na ɓangaren Faransi su zo a kan keke ranar kasuwa, su yi ciniki da yatsu. Wanda ya fi ba mu wahala shi ne mai sayen dashe, domin za ka gaya masa ya bari sai rana ta yi sanyi ya dasa, kuma kada ya kakkaɓe ƙasar da ke jikin saiwa, ya ce ya ji. Ya je ya dasa da tsakar rana, ya zuba masa ɗanyen kashin kaji don ya yi sauri, bayan mako ya dawo da busasshen tsinke ya ce marar lafiya ka sayar masa. Saje ba ya musu da irin wannan, sai dai ya ba shi wani ya bi shi har gida ya dasa masa da hannunsa.

Sai da na daɗe a hannunsa kafin ya nuna mini inda yashin nan yake zuwa. A bayan gidansa, ƙarƙashin wata tsamiya, akwai rumfa da aka kewaye da zana ninki biyu, an rataye buhunan algarara jiƙaƙƙu ta ciki. Kana shiga za ka ji iskar ta canza, ta yi nauyi da laima. A ciki akwai tukwane, kowace an saka ta cikin wata babba, an cike tsakaninsu da jiƙaƙƙen yashi. Shukar da ke ciki ganyenta kamar na mangwaro ne, sai dai ya fi laushi. Daga ƙarshen kowane ganye wani zare ya miƙe, a ƙarshen zaren kuma ga wata 'yar buta a rataye, da leɓenta da murfinta. Na leƙa cikin guda na ga ruwa, na ga gawar tururuwa da fiffiken ƙuda. Na ja da baya na yi a'uziyya. Saje bai yi dariya ba, ya ce haka shi ma ya yi ranar da ya fara gani.

'Yar buta muke ce mata, don ba ta da suna a Hausa. Wani Baturen dabbobi ne ya zo da su, mai duba shanun da ake tsallakowa da su daga ɓangaren Faransi, muna ce masa Mai-Lofe. Ya yi aiki a ƙasar Maleya kafin a kawo shi nan, ya taho da su cikin akwatin gilashi. Wata rana Saje ya kai kayan miya bariki, ya gan su a baranda, ya tsaya ƙyam. Ashe ya san su. A yaƙi akwai lokacin da su kaɗan suka ɓace a daji, ƙishirwa ta kusa gamawa da su, wani mutumin wurin ya nuna musu irin wannan shuka, ya ce su nemi butar da murfinta bai buɗe ba tukuna, su yanke kan su sha. Ruwan bai fi kurɓi guda ba, ga ɗan yauƙi, amma da shi suka kai inda mutanensu suke. Sau ɗaya ya taɓa ba ni wannan labari, bai kuma ƙawata shi ba. Da aka yi wa Mai-Lofe canji, ya ce ba za su jure hanya ba, ya bar wa Saje su. Babu mai biyansa a kansu, babu mai saye, shi ma ba mai sayarwa ba ne. Sha'awa ce kawai, irin wadda wani yake yi wa tantabaru.

Abin da ya fi wuyar shiga kaina shi ne taki. Ni ɗan manomi ne, na tashi na ga ana roƙon Bafillatani ya kwana da shanunsa a gona, a ba shi dame a yi masa godiya. Sai ga mutum yana gaya mini ga shukar da in ta ji ƙanshin taki mutuwa za ta yi. A ƙasarsu ƙasar ba ta da komai, ruwa ya wanke ta tas, shi ya sa take neman abincinta ta sama. Leɓen butar yana da zaƙi da santsi, tururuwa ta zo lasa ta zame ta faɗa, ruwan ciki ya narkar da ita. Murfin ba ya rufuwa ya kama abu yadda yara suke zato, laima ce kawai. Abin da muke dasa ta a ciki yashin nan ne da na wanke, da dakakken gawayi, da zaren ɓawon goruba wanda aka jiƙa aka sake wankewa har ya daina ba da launi. Da zafin rana kuma mu guntsi ruwa mu fesa wa ganyen da baki, yadda masu bugu suke yi wa riga.

Ruwan shi ne komai. Ruwan rijiya ba ya yi, na gulbi ma ba ya yi. Saje yana da wani guntun madubi, sai ya ɗiga ruwa a kai ya ajiye a rana. In ya bushe ya bar farin zobe, to akwai kanwa ko gishiri a ciki, kuma wannan zoben shi ne zai taru a saiwa ya ƙone ta. Ruwan sama kaɗai take sha, shi ma sai wanda bai taɓa komai ba a hanyarsa. Da damina, in hadari ya haɗu, mu ruga fili a can garka, mu kafa turaku huɗu mu ɗaura farin yadin akoko wanda sabulu bai taɓa taɓawa ba, mu sa dutse a tsakiya don ya lotsa, mu tara kwatanniya a ƙasa. Mu kwaso mu zuba a randunan da aka binne rabi a wani ɗaki na gidansa, a rufe da faifai a liƙe da yumɓu. Da wannan ajiya ake ratsa rani. Duk garin an san 'yar butar Saje ruwan sama take sha. Yadda ake tara shi ne ba wanda ya sani, don a garka muke yi, lokacin da kowa ya gudu ɗaka.

Ranar da ya fara gwada ni a kan sanin iri, butoci biyu ya yanko ya ɗora mini a hannu. Ɗaya gajera ce mai tumbi, da wasu fukafukai biyu masu gashi a gabanta. Ɗaya doguwa siririya, bakinta a buɗe. Ya ce, “Hamisu, iri nawa ne nan?” Na ce biyu, har ina jin daɗin sauƙin tambayar. Ya kama hannuna ya kai ni gaban tukunya guda, ya nuna mini inda ya yanko su, gajerar daga ƙasa, doguwar daga reshen da ya hau sanda. Uwa ɗaya ce. Daga ranar na daina duban tsawo da launi, don launi yana bin rana ne, wadda ta samu haske ta yi ja, ta cikin inuwa ta tsaya kore. Leɓe ake dubawa, da ƙarƙashin murfi. Akwai wadda take da ƙayoyi biyu a ƙarƙashin murfin masu kama da fiƙar maciji, Saje ya sa mata Mai-haƙora. Akwai mai farin layi kewaye da wuya, ita ce Mai-rawani. Wata kuma butocinta a ƙasa suke zama jere, murfinsu ya kife ta baya, muna ce mata 'Yar-tukunya, ita ce ta fi kowa shan ruwa. Sai wata koriya marar ado, babu zane babu ja, wadda in baƙo ya shigo ko kallonta ba ya yi. Ita ya kira Talaka, kuma irinta ce ya sha a daji.

Baƙi kuwa muna samu. Mata su aiko a sam musu ruwan cikin butar wai maganin ciwon ido ne, Saje ya ce shi bai san haka ba, ba zai ba da abin da bai sani ba. Wani mahauci ya taɓa jefa ɗan guntun tsire a cikin butar Mai-rawani don ya ga yadda za ta tauna, butar ta ruɓe ta yi wari. Amma wanda ya fi kowa zuwa shi ne Tanimu, maƙwabcin Saje kuma tsaransa, tare aka yi musu kaciya. Fatoma ne, a gidansa fataken shanu suke sauka in sun tsallako iyaka. Mutum ne mai faɗin fuska da son barkwanci, kuma bai taɓa wucewa ta bayan gidan bai tsaya ya tsokani Saje ba.

“Saje, ina kwanan amaryar taka mai cin mushe?” in ji shi. “Ta karya kumallo, ko sai an kamo mata ƙuda?”

“Ta hi baƙinka tsabta, Tanimu,” in ji Saje. “Ita ba ta tauna goro ta tohe ma mutane bango.”

Tanimu ya ƙyalƙyale da dariya ya wuce. Kullum haka suke, ban taɓa jin ta kai su ga ɓacin rai ba.

Sai muguwar shekarar ta zo. Daminar da ta gabata ta ɗauke da wuri, randunanmu ba su cika ba. Rani ya yi tsawo, bazara ta shigo da zafin da tsofaffi suka ce sun daɗe ba su ga irinsa ba. Jigonmu ya daina kai wa ga ruwa, muka bar latas da kabeji suka ƙone, muka koma ceton dashen mangwaro da tulu. Rijiyoyin gari suka ja baya, mata suka koma tonon yashin gulbi, abin da ake samu jajir ne, ga ɗanɗanon kanwa. Mutane suna ta tsallakowa daga arewa da jakunansu da tukwanensu, suna neman inda za su ci rani. Lokacin shuka ya zo ya wuce, kullum hadari ya taso daga gabas, iska ta watsa shi. An fita roƙon ruwa har an gaji da fita. A cikin wannan hali ne aka fara magana a gari, wai Saje yana ɓoye ruwa mai daɗi saboda ciyawa, alhali 'yan Adam suna shan laka. Ya ji, ya ci gaba da aikinsa. In ya buɗe randa sai ya zura kara ya duba inda ruwan ya tsaya, ya mayar da faifai.

Wata safiya Tanimu ya zo, bai bi ta bayan gida ba, ta ƙofa ya yi sallama. Ya tsuguna a zaure ya daɗe yana murza hularsa.

“Saje, yau ba wasa ya kawo ni ba,” in ji shi. “Tsohuwa ce. Cikinta ya ɓaci, duk abin da anka ba ta sai shi dawo. Ruwan gulbin nan ko warinshi ba ta so. Ta ce ita ruwan damana taka marmari. Na san abin da nika roƙo, in ka ce babu ba ni jin haushi.”

Saje ya juyo ya ce, “Hamisu, ɗauko tulu.”

Da muka shiga ɗakin randuna na rage murya na ce, “Baba Saje, abin da ya rage ba zai kai mu ba ko da ba a taɓa shi ba.”

“Na sani,” in ji shi. “Cika shi.”

Ba tulu ɗaya ba ne. Tsohuwar ta karɓi ruwan, cikinta ya riƙe, aka ci gaba da dama mata kunu da shi. Duk sanda ya ƙare Saje ba ya jira a zo a tambaya, ni yake aikawa in kai. Ta fara zama, ta fara fita tsakar gida da sanda. Mu kuwa a rumfa sai muka shiga zaɓe, kuma wannan shi ne aiki mafi nauyi da na taɓa yi a sana'ar nan. Shukar da ka raina da hannunka, lafiyarta lau, ka zo ka tsallake ta da moɗa ka ba ta kusa da ita. 'Yar-tukunya muka fara yankewa ruwa, saboda yawan shanta. Butocinta suka bushe suka zama kamar ɓawon gyaɗa. Mai-rawani ta bi. Mai-haƙora ita ce abin nunawa, ita baƙi suke zuwa gani, na roƙe shi a bar ta. Ya ce ba ta da juriya, ko an ba ta ba za ta kai ba. Muka fitar da tukwanen ɗaya bayan ɗaya, muka matso da zana rumfar ta ƙanƙance, har ya zama saura Talaka ita kaɗai. Ta daina fitar da sabuwar buta, ganyen ƙasa ya yi rawaya, amma kan tohon yana nan kore. Saje ya daina fesa mata da baki don kada ya haɗiye wani abu, sai ya jiƙa tsumma ya shafa ganyen ɗaya ɗaya.

A wannan bazarar ne Tanimu ya gama sabon soronsa na baƙi, don magina sun yi arha. Ya sa aka shafe rufin da laso. Ku ba ku san laso ba, siminti ya kore shi. Katsi ne, wato taɓon da ake kwasowa daga ƙasan rijiyar marina a ƙona shi ya zama farar toka, a kwaɓa da gashin jima da ruwan dafara. In ya bushe ruwa ba ya ratsa shi, amma ruwan farko da ya bi ta kansa da kaifin tokar yake sauka. Aka sa wa soron dogon indararo, duk mai wucewa sai ya yaba.

Ranar da kara ya taɓa gindin randar ƙarshe, muka ji labari wajen wasu masu itace cewa an yi yayyafi ta wajen Daddara, kuma akwai wani dutse mai kwarmi da yake riƙe ruwa. Muka ɗaura wa jaki tuluna, Saje ya ɗauki akokonsa, ya bar wa matarsa Kulu ɗan abin da ya rage a ƙwarya, ya gaya mata yadda za ta ba shukar. Muka isa bayan azahar muka tarar kwarmin ya bushe, sai kashin awaki. Muna tsaye muna duban juna, gabas ta yi baƙi. Wannan karon iska ba ta watsa shi ba. Muka ɗaura akoko a jikin wasu geza, ruwa ya sauko kamar da bakin ƙwarya. Na ga Saje, mutumin da ban taɓa ganin haƙoransa ba sai in Tanimu ya tsokane shi, yana tsaye cikin ruwa yana murmushi. Muka cika tulunan duka. Da muka juyo sai muka tarar rafin da muka ratsa a bushe ya kawo, ya cika baki da baki. Dole muka koma wata ruga muka jira, sai a rana ta uku muka samu tsallakewa.

Kulu ce ta tare mu a ƙofar gida, fuskarta cike da fara'a.

“Maigida, albishirinka,” in ji ta. “Tanimu ya rama maka alheri. Ana fara ruwan nan tsohuwarshi ta ce kada kowa shi taɓa na farko, na ciyawar Saje ne. Shi da kanshi ya tara a indararon sabon soro, ya ɗauko bisa kai cikin ruwan nan, ya ƙi bari barorinshi su taɓa. Ya shayar da ita sosai, har butocin ya cika mata. Jiya ma ya ƙara. Ruwan sama ne tsantsa, na tambaya.”

Ba laifinta ba ne. Gidan Saje ɗakunan ciyawa ne, babu indararo, maganar ba ta taɓa tasowa ba. An ce mata ruwan sama, ga ruwan sama an kawo.

Saje ya wuce rumfa ina biye. Tukunyar tana zaune cikin ruwa har wuya, ruwan ya yi fari fari. Ya tsoma yatsu biyu ya murza, na ga suna santsi. Ya ɗora a harshe. Ya daɗe a tsugune. Kulu tana bakin ƙofa tana jiran ya yi magana, sai ya ɗago ya ce mata, “Madalla. Allah shi saka mishi da alheri.” Da ta tafi ya ce in janyo zana in rufe, in shigo da tulunanmu.

Duk abin da aka sani mun yi. Muka zare ta daga tukunyar, muka zubar da yashin da gawayin, muka yi ta ɗauraye saiwar da ruwan da muka sha wahalar kawowa. Saiwar 'yar buta baƙa ce siririya kamar gashi, ko lafiya lau take ba ta son a taɓa ta. Wannan kuwa tana taɓuwa tana narkewa a hannu. Muka sake mata sabon wuri, Saje ya yanki reshe guda da 'yar wuƙarsa ya soka daban ko Allah zai sa ya kama. Da muka gama ya yi wanka, ya sa rigarsa ta zuwa Juma'a, ya ce in raka shi gidan Tanimu godiya. Raina a ɓace yake, na bi shi ne don ba na iya ce masa a'a. Ya durƙusa ya gai da tsohuwar, ta yi ta sa masa albarka, tana cewa ita da ciyawar nan ruwa ɗaya suka sha, yanzu 'yan uwa ne. Tanimu yana gefe yana washe baki, ya ce, “Ka gaya ma amaryar taka, ko sarki bai sha ruwan soron nan kahin ita ba.” Saje ya ce zai gaya mata.

Ba ta mutu nan da nan ba, da ma haka suke. Bakin ganyen ya fara ƙonewa, ƙunar tana cin ciki a hankali. Tsofaffin butocin suka bushe daga murfi zuwa ƙasa. Reshen da aka soka ya yi baƙi daga gindi. Damina kuwa ta zauna sosai, gari ya yi kore, randunanmu suka cika har muka rasa inda za mu zuba, ga ruwa iya ruwa babu mai sha. Kowace safiya Saje yana shiga ya duba kan tohon. Ranar da ya taɓa shi ya ɓalle a hannunsa, ya fito ya zauna gindin tsamiya bai tafi garka ba. Na tausaya masa ƙwarai. Na san ba za a sake samun wata ba, Mai-Lofe ya daɗe da barin ƙasar, kuma daga nan har Ikko ban ji mai irinta ba.

Da hantsi Tanimu ya biyo ta bayan gida yadda ya saba, ya buɗe baki zai yi tsokana, sai ya ga ƙofar rumfar a buɗe, abin da bai taɓa gani ba. Ya leƙa. Ya daɗe yana duban busasshen karan da ke cikin tukunya, sannan ya fito ya tsuguna kusa da Saje.

“Ta tahi ke nan?” in ji shi.

“Ta tahi.”

“Ruwan da ka ba tsohuwa ne ya ja mata. Da na samu kawo nawa da wuri, da ta rayu. Na makara, Saje.”

“Ba ka makara ba, Tanimu. Kwananta ne ya ƙare.”

Tanimu ya share ido da bakin riga. Ya ce in dai ana samun irinta a wani wuri, ko Maraɗi ko Kano, a gaya masa ya aika fatake su nemo, ruwa kuwa ga indararonsa nan, duk damana na Saje ne. Saje ya ce ya gode. Suna nan zaune aka aiko kiran Tanimu, baƙi sun iso da shanu.

Da ya tafi na kasa haƙuri. Na ce, “Baba Saje, ai gara ka gaya mishi gaskiya. Ga shi nan zai yi ta yawo yana ganin alheri ya yi.”

“Alheri ya yi,” in ji Saje.

“Amma ko don ya sani.”

Ya dube ni, ya dubi tukunyar. “In ya sani, mi za ya tsiro?”

Ya miƙe da ƙyar saboda ƙafar nan tasa, ya zaro 'yar wuƙarsa mai lanƙwasa ya miƙo mini, ya ce in fara kwance zanan daga gabas.